Ciyawar Tsakar Gida Da Sha'anin Inuwa

A fitowar da ta wuce na yi alkawari zan ba ku labarin yadda muka ƙare da maganar tsakar gidan makaranta, tun da ya ke kuɗin da aka kashe a kanta daga asusun ƙungiya ya fito, watau daga aljihunku. Har wa yau kuma takarda ta zo mini daga wani ɗan'uwanmu ɗan kasuwa da ke zaune a unguwar Guillotière ta birnin Liyon. Ya ce a bayan gidan da ya ke haya akwai ɗan fili mai ciyawa a ƙarƙashin itatuwa, ya zuba iri sau biyu ba ta kama ba, ga shi mai gida ya fara yi masa maganar kuɗin ajiya, ina dabara? To, amsa ɗaya za ta ishe mu duka, domin ciwonmu ɗaya ne.

Waɗanda su kan kawo yara sun san wurin. Ɗakin karatunmu yana ƙasan bene, ba nisa da kasuwar Dejean a nan Shato Ruj. A bayansa akwai tsakar gida wadda tsawonta mita 6 ne, faɗinta mita 5. Ta kudu da ta gabas bango ne na bene mai hawa shida, a kusurwa kuma ga wani babban itace irin wanda mutanen ƙasar nan ke kira marronnier. Sa'ad da muka karɓi ɗakin akwai ciyawa a wurin, ko da ya ke ba wata ta kirki ba ce. Ranar Laraba da Asabar yara kusan talatin su kan fita can su sha iska tsakanin darasi da darasi. Kafin shekara biyu ciyawa ta ƙare, sai gansakuka da taɓo, in an yi ruwa kuwa yara su kwaso shi a takalma har matakalar da maƙwabta ke bi.

Ana nan sai ga takarda daga masu gidan. Maganarsu gajera ce: ko dai mu mai da wurin yadda muka same shi, ko kuwa a kulle ƙofar baya. Wasu daga cikinmu suka fusata, suka ce ƙiyayya ce. Ni dai ban ga ƙiyayya ba. Wuri aka ba mu amana da ciyawarsa, 'ya'yanmu suka tattake ta, ina abin musu? Kuma duk wanda ya taɓa riƙe yara talatin a ɗaki ɗaya sa'a uku ba fita, ya san abin da kulle ƙofar nan zai jawo.

Kuskuren da na yi

Cikin watan Afrilu na bara waccan na tafi kanti na sayo kwalin iri mafi araha, mai hoton filin ƙwallo a jikinsa, da buhun takin zamani. Muka kankare gansakuka, muka watsa iri ko'ina har gindin bango, muka yi ta ban ruwa. Kwana goma sai ga tsiro kore shar. Na yi murna, har na kira shugaban ƙungiya ya zo ya gani. Ashe ban san dawan garin ba. Itacen nan ya gama fid da ganye cikin Mayu, ya rufe sama. Ciyawa ta yi ta miƙewa siririya tana neman haske, ta yi fari-fari, ta kwanta. Kafin Nuwamba mun koma gidan jiya, kuɗin jama'a ya tafi a banza. Laifin nan nawa ne ni kaɗai, na kuwa faɗa a gaban taro.

A taron ne wani ya ce a nemo maganin feshi mai ƙarfi a kashe gansakuka. To, ku sani dokar ƙasar nan ta hana. Akwai doka da a ke kira dokar Labbé, wadda aka kafa a 2014. Tun daga 1 ga Janairu 2017 ta hana hukuma fesa irin waɗannan magunguna masu guba a lambunan jama'a, daga 1 ga Janairu 2019 ta hana mutum ya saya ko ya ajiye don lambunsa, daga Yuli 2022 kuma hanin ya haɗa da tsakar gidajen da a ke tarayya. Saboda haka kada kowa ya sa a kawo masa irin wannan magani a cikin kaya daga wata ƙasa. Ban da doka ma, wurin wasan yara ne.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne Bamaraɗe, wanda ya yi noma shekara da shekaru kafin ya zo nan. Ya leƙa tsakar gidan, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Malam, ka taɓa ganin gero ya yi kai a gindin mangwaro?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "A gindin gawo fa?" Na ce, "Nan kam ya fi ko'ina kyau." Ya ce, "To, ka tambayi kanka dalili."

Dalilin kowa ya san shi, mantawa na yi. Gawo ya kan zubar da ganye da damina, lokacin da shuka ke bukatar rana, sa'an nan ya yi ganye da rani, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Shi ya sa manoman Maraɗi da Damagaram ke barinsa a tsakiyar gona. Mangwaro kuwa inuwarsa ba ta ɗagawa, gindinsa kullum fili fetal. Itacen tsakar gidanmu halin mangwaro gare shi a kan wannan batu: yana da ganye tun daga Afrilu har Oktoba, watau daidai watannin da ciyawa ke girma, ga saiwoyinsa a sama-sama suna shanye ruwa da abinci. Ni kuwa na je na sayo irin da ke son rana tsantsa, kamar ƙiri-ƙirin da mu ke gani a bakin fadama a gida, na zuba a inuwa.

A fara ƙidaya rana

Abu na fari, tun ba a kashe ko sisi ba, shi ne a san sa'a nawa rana ke sauka a kowane ɓangare na wurin. Mu da muka koyi gane azahar da la'asar ta auna inuwa da taku, wannan ba baƙon aiki ba ne a gare mu. Amma fa ranar ƙasar nan ba irin ta gida ba ce. A Kano rana ta kan bi ta tsakar ka, ko cikin Disamba ma tana ɗagawa sama da digiri 50 da tsakar rana. A Faris cikin Disamba ba ta wuce digiri 18, cikin Yuni kuma ta kai wajen 65. Ma'anar wannan ita ce, bene mai tsawon mita 20 inuwarsa da tsakar rana ta kan kai mita 60 da hunturu, da tsakiyar Yuni kuma ta dawo kamar mita 9 ko 10. Tsakar gida mai faɗin mita 5 da ke arewa da irin wannan bango, ai kun ga ba ta da rabo da ranar tsaka ko kaɗan. Abin da ta ke samu sai wanda ya shigo ta gefen da babu gini.

Ga yadda muka yi. Wata ranar Asabar cikin Yuni na zana taswirar wurin a bayan wani tsohon allo, na raba ta gida-gida. Kowace sa'a, tun daga hantsi har magariba, yaro ɗaya ya fita ya dubo inda rana ta ke, mu sa ɗigo. Da yamma muka ƙidaya. Sai ga shi wurin ya kasu uku. Gefen yamma, kimanin mita 12 murabba'i, yana samun rana sa'a huɗu zuwa biyar bayan azahar. Tsakiya sa'a biyu, ita ma ta tsakanin ganye. Gindin itace da gindin bango kuwa ko ɗigo ɗaya babu.

Masu aikin lambu sun ce ciyawar shimfiɗa, ko mai jure inuwa ce, tana bukatar rana kamar sa'a huɗu a yini. Abin da ya gaza haka, wahala ce kawai. Na je har gidan koyar da aikin lambu na birni, Maison du Jardinage, da ke cikin lambun Bercy, inda a ke ba da shawara kyauta, na nuna taswirata, maganar ba ta sake ba. To, daga nan muka yanke: ciyawa a kashi ɗaya, sauran kashi biyu a nemar musu abin da ya dace da su.

Gyaran ƙasa

Ruwa ba ya tsami banza. Gansakuka ba ita ta kashe ciyawa ba, wuri ta samu babu kowa ta zauna. Abin da ke kiranta shi ne inuwa, da laima, da ƙasar da ƙafa ta daddaɓe har ta zama kamar daɓen ɗaki. Akwai wani gari da a ke sayarwa, sulfate de fer, wanda ke ƙone ta ta yi baƙi cikin 'yan kwanaki. Amma ba ya kawar da dalilin zuwanta, ta kan dawo, ga shi yana bar wa dutse da siminti tabon tsatsa wanda ba ya fita. Kada ku ɓata kuɗinku.

Farkon Satumba muka sa manjagara muka kankare ta sarai. Sa'an nan muka ɗauki babban cokalin haƙa mai yatsu huɗu, muna soka shi cikin ƙasa zurfin santimita 10, muna ɗan girgizawa, taƙi ɗaya tsakanin huda da huda, har muka gama wurin. Wannan shi ke ba saiwa iska, ya ba ruwa hanyar shiga. Kana muka kwaɓa ruɓaɓɓen taki da yashi, muka baza kaurin yatsa ɗaya, muka share shi da tsintsiya ya shiga ramukan. Kusa da itace ba mu yi haƙa mai zurfi ba, don kada a sare masa saiwa, ba mu kuma tara ƙasa a jikin gindinsa ba, don tana ruɓar da ɓawo.

Za ku ji ana cewa a zuba farar ƙasa don maganin gansakuka. Wannan yana amfani ne in ƙasar mai tsami ce. Ƙasar tsakar gidajen Faris kuwa galibi cike ta ke da ɓaraguzan gini da farar ƙasa tun asali. Gwajin mai sauƙi ne: ɗebi busasshiyar ƙasa a cokali, ka ɗiga mata ruwan kal, watau binegar. In ta yi kumfa tana tsuwa, akwai farar ƙasa isasshiya, kada ka ƙara. Tamu ta yi kumfa.

Iri da lokacin shuka

In ka je sayen iri, kada ka dubi hoton kwali, juya bayansa ka karanta. Nemi wanda aka rubuta wa gazon d'ombre, ka ga kuma mafi yawan abin da ke ciki fétuque rouge ne, wata ciyawa mai siririn ganye wadda ke jure inuwa da ƙishi. In da pâturin des bois a ciki, ya ƙara kyau. Wanda ray-grass ya yi wa yawa, shi ne irin da na saya da fari: saurin tsiro gare shi, amma inuwa na kashe shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin shuka a ƙasar nan daga farkon Satumba ne zuwa tsakiyar Oktoba. Ƙasa na da sauran ɗumi, ruwan sama ya dawo, itace kuma ya kusa zubar da ganye, saboda haka tsiro zai sami hasken kaka da na farkon bazara, ya yi saiwa kafin inuwa ta sake rufewa. Shukar Afrilu a ƙarƙashin itace ba ta samun wannan tazara.

Kowace mita murabba'i tana cin giram 30 zuwa 40, kimanin cikin hannu ɗaya ke nan. Mu rabin kilo ya ishe mu. A raba irin biyu, a watsa rabi ana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa, a ja manjagara sama-sama, sa'an nan a shimfiɗa katako a taka don iri ya manne da ƙasa. Ban ruwa yayyafi-yayyafi, kada saman ƙasa ya bushe har tsiro ya fito. Wannan irin ba shi da gaggawa, ya kan yi mako biyu ko uku, kada ka ɗauka ya mutu. Tantabarun unguwar nan kun san halinsu, sai da muka rufa wurin da raga.

Abin da ya fi wuya shi ne hana yara taka wurin har wata biyu. Muka ja igiya, muka naɗa manyan ɗalibai biyu su zama masu tsaro. Ganyen da itace ke zubarwa kuma kowane mako a kwashe, don in ya kwanta ya jiƙe, ya kan shaƙe tsiro cikin 'yan kwanaki. Wannan aiki yara suka riƙe shi, har suna rigima a kan wanda zai riƙe tsintsiya.

Wajen yanka, ciyawar inuwa ba a yi mata ƙwal-kwabo. Ganyenta shi ne abin da ta ke kama ɗan hasken da shi. A bar ta santimita 6 zuwa 8, kada kuma a yanke fiye da sulusin tsawonta a lokaci ɗaya. Taki kaɗan ya isa, rabin abin da za a ba ta fili. In ta kafu, ban ruwa sau ɗaya a mako mai ratsa ƙasa ya fi yayyafin kullum, kuma da safe, don ta bushe kafin dare.

Inda ciyawa ba za ta yi ba

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Wa ya ce lalle tsakar gida sai da ciyawa? A gida tsakar gidan da aka zuba wa rairayi, aka share tas da safe, ita ce abin yabo. A tsakiya, inda yara suka fi bi, muka jera faffaɗan duwatsu daga ƙofa zuwa benci, muka cike tsakaninsu da tsakuwa. A gindin itace muka baza ɓawon itace da a ke sayarwa a buhu, kaurin yatsa uku, muka dasa lierre da pervenche, waɗansu tsire-tsire masu yaɗo waɗanda ke zama kore duk shekara ba ruwansu da rana. Wanda ke son ya ga abin da a kan yi da inuwa, ya taka zuwa Bois Dormoy a nan La Chapelle, lambun tarayya ne da mutanen unguwa ke kula da shi a ƙarƙashin itatuwa. Gani ya kori ji.

Matan ƙungiya suka ce a bar musu gefe don ganyen miya. Na'ana'a tana yi a inda rana ba ta da yawa, haka faski, haka wani ganye mai tsami da a ke kira oseille, wanda ke maye gurbin yakuwa a miya. Kuɓewa da tattasai kam kada a soma, su 'yan rana ne. Amma ga gargaɗi, ina roƙo a riƙe shi. Duk abin da za a ci, a shuka shi cikin akwati ko tukunya da ƙasar da aka sayo, kada a shuka a ƙasar tsakar gida. Gidajen da aka gina kafin 1949 da yawa an shafe su da fenti mai darma, ga kuma man mota mai darma da aka yi ta ƙonawa har shekarar 2000. Dattawanmu sun tuna yadda cutar darma ta kama yara a tsofaffin gidajen wannan yanki tun cikin shekarun 1980, da yawansu 'ya'yan mutanen Afirka ta Yamma. Yaro in ya yi wasa da ƙasa, a wanke masa hannu kafin ya ci abinci. Rigakafi ya fi magani.

Ga ɗan'uwanmu na Liyon

Alhaji, duk abin da na faɗa ya shafe ka, sai ƙari biyu. Na ɗaya, zafin Liyon ya fi na Faris, ƙasa ta fi bushewa, kuma in fari ya yi tsanani, kamar yadda aka yi a 2022, hukuma ta kan hana ba ciyawa ruwa. Saboda haka kada ka yi shuka sai Satumba, kuma in ta yi ja cikin Agusta kada ka tsorata, barci ta ke yi, ruwa na sauka za ta farfaɗo. Na biyu, kada ka sare reshe ko ɗaya sai da iznin mai gida a rubuce. Rage rassan ƙasa yana ƙara haske ƙwarai, amma itacen ba naka ba ne. Ka shiga lambun Tête d'Or, wanda aka buɗe tun 1857, ka dubi gindin manyan itatuwansa. Za ka ga wurare da yawa ma'aikatan ba su tilasta wa ciyawa ba, sun bar ganye da yaɗo. In masu wannan sana'a sun sallama wa inuwa, kai ma ka ɗauki hoto ka nuna wa mai gidanka, ku yi shawara. Kafin ka fara aiki kuma ka ɗauki hoton wurin yadda ya ke, ka adana takardun sayayya.

Inda muka tsaya

Yanzu shekara guda ke nan da shuka ta biyu. Ba zan ce muku wurin ya zama kamar hoton kwali ba. Gefen yamma ya yi kore, ya cika, akwai ɗan wuri kusa da magudana da ya sake yin sanƙo, za mu ƙara masa iri cikin Satumban nan, kuma haka za a riƙa yi kowace shekara. Masu gidan sun zo sun gani, ƙofar baya tana buɗe. Wata tsohuwa da ke hawa na biyu, wadda da ita ce kan gaba wajen ƙara, yanzu ta kan sauko ta tsinki na'ana'a, har ta kawo mana tukwane biyu na furanni. Mun sa tabarmar goge ƙafa a bakin matakala, mun kuma raba yara kashi biyu wajen fita, don ƙafa sittin a lokaci ɗaya ta fi ƙarfin ciyawar inuwa. In suna son ƙwallo, ga Square Léon nan kusa.

Lissafin kuɗin duka, na shukar da ta lalace da na wadda ta kama, yana hannun ma'aji, duk mai so ya duba. Asabar ta biyu ga watan Satumba bayan la'asar muna bukatar mutum huɗu masu ƙarfi don huda ƙasa, wanda kuma ke da manjagara ya taho da ita. Dattijon nan Bamaraɗe ya ce zai zo ya zauna a benci ya duba aikinmu, Allah ya saka masa da alheri.

A fitowa mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda a ke mai da ɓawon doya da ganyen shayi su zama taki a cikin gidan bene ba tare da wari ya dami maƙwabta ba. Wassalam.